Amya Bakwai

Ranar da motar gungume ta zame a hanyar Olovo
ina kicin ina yanka albasa.
Hawaye ya riga labari isowa.

Suka ce, "Hajrudin ne. Yana Tuzla. Yana numfashi."
Na riƙe kalmar ƙarshe,
na bar musu sauran.

Na same ka kwance,
na'ura na yi maka aikin huhu,
ƙafar hagu cikin ƙarafa,
gemu an aske rabi.
Shekara ashirin da shida ina roƙon ka rage shi,
baƙi sun yi a minti ɗaya,
ga ni tsaye ina kewarsa.

Likita ya ce shi ba ya alkawari.
Na ce ba wurinsa na zo neman alkawari ba.
Ƙarya na yi.
Da ya miƙo ko ɓari, da hannu biyu zan karɓa.

Dare na tara na shimfiɗa sallaya
tsakanin gadonka da bango,
wurin bai isa sujada ba sai na karkace.
Na ɗaga hannu, addu'a ta ƙi fitowa.
Na ce, "Ya Rabbi, Ka san abin da ya kawo ni,
bakina ya gaji, Ka duba da kanKa."
Dubravka, nas ɗin dare,
ta jira a bakin ƙofa har na sallame.
Ta ce ranar Lahadi ta kunna maka kyandir a cocinsu.
Muka sha gahawa a tsaye,
mai ɗaci, a kofin roba.

Kwana ashirin na je gida ɗauko maka kaya.
Amyarka bakwai a bayan ɗaki,
dusar ƙanƙara ta sa wa kowace hula.
Shiru kamar an yi ruwa an ɗauke.
Ni da ban ƙara matsawa kusa da su ba
tun harbin da ya kumbura min ido
ana gobe bikin Ajla,
na durƙusa, na manna kunne jikin katako
yadda na sha ganin kana yi
ina maka dariya ta taga.
Na ƙwanƙwasa.

Can ciki, ƙasa-ƙasa, aka amsa.
Suna nan.
Sun dunƙule wuri ɗaya suna ɗumama juna,
suna lasar abin da suka tara lokacin fure.

Shida suka amsa.
Ta bakwai na buga har yatsuna suka sandare.

Na dawo na ɗora kunne a ƙirjinka,
ta gefen da babu waya.
Na ce, "Shida. Ba zan maka ƙarya ba, shida."

Kwana talatin da ɗaya ka buɗe ido.
Ba yadda na tsara shi a zuci ba:
ka dube ni kallon wadda ta ɓata ɗaki.
Na fita baranda na ciji gyale.
Sai bayan kwana uku,
da murya kamar tsohuwar ƙofa,
ka ce, "Senada, wa ya aske ni?"

Yanzu Afrilu.
Kana koyon tafiya tsakanin ƙarfe biyu.
Taku goma sha ɗaya, ka zagi ƙafar,
ka yi istigfari, ka ƙara ɗaya.
Hannun dama har yau bai yarda da cokali ba.
Akwai ranakun da kake juya fuska bango,
in zauna bayanka da carbi,
wani lokaci ina ja,
wani lokaci riƙewa kawai nake.

Ni ke sa raga a fuska yanzu,
ni ke hura musu hayaki.
Sun harbe ni sau huɗu.

Ta bakwai na kwashe gawarwakin,
na kankare ta, na shanya a rana.
Ka ce akan yi sa'a
wani ayari ya zo da kansa ya tare.
Ban taɓa gani ba.
Na dai bar ƙofar a buɗe.